Itatuwan Malam Zunnuraini

Ranar da Malam Zunnuraini mai amyar zuma ya rasu, unguwarsu a Jibiya ta cika da mutanen da ko 'ya'yansa ba su san su ba. Fulani sun zo da sandunansu, Buzaye sun durƙusar da raƙuma a bayan masallaci, ga direbobin Maraɗi da rufe boda ya zaunar da su a Magama wata da watanni, sun bar motocinsu sun tako da ƙafa. Kowa da nasa labarin. Wannan ya ce marigayin ne ya bi masa sawun saniya kwana uku har ya samo ta a bayan Madarunfa. Wancan ya ce shi ya nuna masa inda zai haƙa rijiya, bayan ya haƙa biyu a banza. Marigayin ya haura shekara casa'in, kuma har damina ta ƙarshe yana fita daji da gatari a kafaɗa da gorar ruwa a rataye.

Da aka gama yi masa sutura, aka kira matarsa Salmatu ta zo ta yi masa addu'a kafin a fita da shi. 'Yarsu Mutmainna, wadda ita ma ta yi jikoki, ta riƙo hannunta ta durƙusar da ita a gaban makara.

"Inna, ki yahe mishi," in ji ta a hankali.

Leɓɓan Salmatu suka motsa. Matan da ke ɗakin suka ce Allah sarki, kuka ya shaƙe mata murya. Ba kuka ba ne. Ba ta faɗa ba ne kawai, kuma duk duniya ita kaɗai ta san ba ta faɗa ba.

Kada wani ya ɗauka mugun miji Allah ya haɗa ta da shi. Shekara sittin da huɗu suka yi, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Tun lokacin da namiji ke jin kunyar a gan shi da tulu, shi yake cika mata randuna kafin gari ya waye, abokansa suna yi masa ba'a yana dariya tare da su. Bai taɓa dawowa daga daji hannu rabbana ba. In ba zabo ba ne, to goriba ce ko magarya, ko saƙar zuma a naɗe cikin ganye, kuma sai ta ɗanɗana kafin kowa. 'Ya'yansu shida duk a wuyansa suka girma. Mutmainna har gobe tana iya faɗa maka tsuntsun da ya yi kuka ba tare da ta ɗaga kai ba, kuma ta san sawun kurege daga na tunku, ilimin da bai taɓa yi mata amfani a gidan miji ba amma ba ta rabuwa da alfahari da shi.

Abu ɗaya ne tak Salmatu ta riƙe, kuma tsohon abu ne ƙwarai.

Ita 'yar Gidan Lado ce, wani ƙauye a ɓangaren Nijar, tafiyar rabin yini a ƙasa daga Jibiya in an bi ta gonaki. A shekara ta biyu da aurensu suka je ganin gida da ɗansu na fari, jinjiri ɗan wata bakwai. Bazara ce. Da za su dawo yaron ya tashi da ɗan zazzaɓi, aka ce ba komai, haƙori ne. Suka kamo hanya, shi da kaya a ka, ita da goyo. An gama sassabe, gonaki fayau, babu ko itacen da akuya za ta fake. Da rana ta take sai ta ji goyon ya yi shiru, irin shirun da uwa ba ta so. Suka duba gabas suka duba yamma, babu inuwa. Zunnuraini ya tuɓe rigarsa ya riƙe ta a kansu da hannu biyu, tana ɗiga wa yaron ruwa a baki yana zubowa. Kafin la'asar yaron ya koma ga Mai shi. Wani manomi ya ara musu fartanya, suka binne shi nan gefen turba.

Ɗan fari ne, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari. Ba ka kiran sunansa yana raye, ba ka nuna ka damu da shi a gaban mutane, in ya mutu kuma ba naka ba ne kuka a fili. Salmatu ta san wannan, ta haɗiye nata. Abin da ta so kawai shi ne mijinta ya zauna a gida kusa da ita. Amma da gari ya waye, 'yan gaisuwa sun fara sallama, sai ta hango shi ta ƙofar ɗaki yana rataya gora, ya saɓa gatari ya fita. Bai dawo ba sai magariba. Jibi ma haka, gata ma haka. Ba ta ga hawayensa ba, bai kuma taɓa ta da zancen ba har ya bar duniya. Ita ma kunya ta hana ta tambaya. Ta dai yanke a ranta cewa mutumin nan yana da kirki, amma yaron bai taɓa shiga zuciyarsa ba.

Tun ranar ta haramta wa ƙafarta wannan turba. In za ta je gida sai ta hau mota ta bi titi ta Ɗan Isa, ta zagaya, ta sha wahalar shingaye da saukale. Ta san mijinta yana rataye amyoyin ƙudan zumarsa ta can wajen, amma ko zancen hanyar aka ɗauko sai ta tuna tana da tukunya a wuta. A hankali 'yan gida suka koyi barin zancen.

Wata huɗu da kwana goma na takaba ta yi su da wannan abu a ƙirji. Kowace sallah sai ta yi masa addu'a, Allah ya jiƙansa, Allah ya haskaka kabarinsa, duk suna fita sumul. In ta zo kan kalma ɗayan nan sai harshe ya ƙi. Tsoro ya kama ta sosai. Ta kusa tamanin, ta san ba nisa gare ta ba, kuma ba ta son ta tarar da shi can da abin a hannu.

Kwana uku da fitarta takaba aka aiko daga Gidan Lado cewa yayarta Tsahara ƙafa ta ƙi, ido ya tafi, kuma ba ta da zance sai na Salmatu, tana so ta ji muryarta kafin a kama azumi. Boda na rufe, mota ba ta wucewa. Jikoki suka ce a ɗauke ta a babur ta cikin daji, ta ce ƙashin bayanta ba na aro ba ne. Mutmainna ta samo wani Lawwali, magidanci mai furfura da ke noma a gefen turbar, yana da amalanke da bijimai biyu, ya ce zai kai su.

"Ta wace hanya?" Salmatu ta tambaya, ko da yake ta sani.

"Inna, guda ɗai ce ta rage," in ji Mutmainna.

Suka fita da hantsi. Aka shimfiɗa mata tabarma da bargo a kan amalanken, ta zauna ta ja mayafi ta rufe fuskarta ruf, ta kama carbi. Ta ƙudurta ba za ta buɗe ido ba sai ta ji muryar Tsahara. Mutmainna da Lawwali suna ta hirar tsadar gero da bijimin hagu da ya fi son kwanciya a kan tafiya.

Rana ta fara zafi, tana jin ta a tsakiyar kai ta cikin mayafin. Can sai ta ji sanyi ya rufe ta, hasken da ke ratsa mayafin ya dushe. Kafin ta gama mamaki rana ta dawo. Aka ɗan taɓa tafiya, sanyin ya sake zuwa. Ta ƙirga a carbinta ba da niyya ba, ta ga kusan duk zagaye biyu sai inuwa ta zo. Ta ce a ranta ko hadari ne, sai ta tuna watan da ake ciki. A karo na bakwai ta kasa daurewa, ta ɗage mayafin.

Gonakin suna nan yadda ta san su, fayau, farin yashi da kututturen karan gero har iyakar gani. Amma a gefen turbar akwai itatuwa a jere, ɗaya bayan ɗaya, suna bin hanyar duk inda ta karkata. Gawo ne mafi yawa, kore shar a tsakiyar rani kamar yadda gawo ya saba, sai aduwa nan da can, da kanya, da wata tsamiya da ta baje rassa. A tsakanin rassan kowane babba akwai amya a kwance, an ɗaure ta da igiyar kaba. Ta san ɗaurin. Shi ne ɗaurin da ke jikin gugan gidanta.

"Malam Lawwali," ta ce, "gwamnatin wane ɓangare ta dasa waɗanga?"

Lawwali ya waiwayo ya dube ta, ya ga ba wasa take ba.

"Inna, ai iccen Malam ne. Duka, tun daga bayan gari har Gidan Lado."

Mutmainna ta ce ta san Baba na da amyoyi ta nan, yana kawo su wajen na kusa da gari suna yara, amma ba ta taɓa bin hanyar har ciki ba, ba ta san haka abin ya kai ba.

Lawwali mutum ne mai son a tambaye shi, sai ya saki igiyar bijimai ya gyara zama. Ya ce Malam bai dasa ko guda ba. In manoma sun fito sassabe suna sare tohon da ke fitowa daga tsofaffin saiwoyi, sai ya zo ya tsuguna ya gaida mai gona, ya roƙi a bar masa toho ɗaya a bakin hanya. Ya zaɓi mai ƙarfi, ya datse sauran, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Da rani ya riƙa zagayowa yana raba musu ruwan gorarsa. In itacen ya isa sai ya rataya masa amya, zumar farko kuma ta mai gona ce.

"Kin ga dabara, Inna. Wa za ya kai gatari ga iccen da ke da ƙudan zuma? Kuma wa za ya bari a sare mishi iccen da ke ba shi zuma? Shekarun yunwa masu itacen wuta sun kwashe mishi wajen ashirin. Bai yi hwaɗa da kowa ba. Damina na sauka ya sake bin gonakin yana roƙo."

Salmatu ta mayar da ido kan hanya. Tana kallon itatuwan suna zuwa suna wucewa, wasu kaurinsu ya fi ƙarfin hannun mutum biyu, wasu ba su wuce tsayin ɗaki ba. A ƙarƙashin wani, mata uku 'yan tallar nono sun sauke ƙore suna fifita da faifai. A ƙarƙashin wani, mai babur ya jingine buhunansa yana sallar walaha. Duk fitar da ta ga ya yi, duk dawowar da ya yi da ƙaya a tafin hannu tana cire masa da allura tana mita, ga inda suka tafi.

"Mun kai boda?" Mutmainna ta tambaya.

"Mun wuce ta tun ɗazu," in ji Lawwali. "Wajen kanyar can."

Rana ta take tsaka lokacin da suka gangara wata busasshiyar ƙorama suka hau tudu. Salmatu ta gane ƙoramar. Ta kai hannu za ta ja mayafi, sai hannun ya tsaya. A kan tudun akwai gawon da ya fi duk wanda suka wuce, inuwarsa za ta ɗauki garken shanu. Ba amya a jikinsa. Daga gefensa na gabas an jera duwatsu, ɗan tsayin kamu uku, an share kewayensu.

Lawwali ya tsayar da bijimai ya ce a nan kowa ke hutawa, kuma gonar tasu ce, ta gado. Muryarsa ta sauka.

"Wanga shi ne na hwari. Amma Inna, ke kin hi ni sanin wurin ga."

Ta daɗe tana kallon duwatsun. Kunyar shekara sittin da biyu ta taso mata, ta danne ta.

"Ban sani ba, ɗana. Hwaɗa mini."

Lawwali ya dubi Mutmainna, ya dubi ƙasa, sannan ya faɗa yadda mahaifinsa ya faɗa masa. Mahaifin nasa ne ya ara fartanyar. Washegari ya fito gona da hantsi sai ya tarar da baƙon jiya ya riga shi, yana zaune a gaban ɗan kabarin yana kuka.

"Baba ya ce bai taɓa jin namiji ya yi irin kukan ga ba. Sai da ya ɗauki kayan aikinshi ya koma gida, don kar mutumin ya ɗaga kai ya ga an gane shi. Kwana bakwai Baba bai yi aiki gonar ga ba. Ran na takwas Malam ya same shi gida, ya ce akwai wani ɗan tohon gawo kusa da wurin, don Allah a bar mishi."

Mutmainna ta rufe baki da hannu. Ta san an yi wani kafin yayanta, amma ba wanda ya taɓa gaya mata inda yake.

Lawwali ya ci gaba, don in ya fara ba ya iya tsayawa a tsakiya. Ya ce bayan wasu shekaru, da mahaifinsa ya ga abin ya zama jeri, ya tambayi Malam me ya sa yake tsallake toho masu kyau ya je ya nace wa wani ƙanƙani a gaba, har ya sha wahalar mai gona mai taurin kai.

"Sai Malam ya ce mishi awo gare shi. Daga wanga icce zuwa wancan, iyakar abin da mace mai goyo ka iya takawa cikin rana ke nan kahin ta nemi hutu. Ya ce ya san takun, ya taɓa bin bayanshi."

Bijimin hagu ya samu abin da yake so, ya kwanta.

Salmatu ta ce a sauke ta. Mutmainna ta tallafe ta, ta tuɓe takalmanta a bakin inuwar, ta taka a hankali har gaban duwatsun ta durƙusa. An share wurin da kyau, har da alamar tsintsiyar kaba a yashi, Lawwali ya ce tun rasuwar Malam shi ke yi. Ta dafa dutse ɗaya. Ta kira sunan yaron, Shafi'u, a fili, karo na farko tun ranar suna. Sannan kukan da ta haɗiye tana 'yar shekara goma sha bakwai ya zo, ta bar shi ya zo, Lawwali ya juya baya ya tafi duba ƙafar bijimin da ba abin da ya same ta.

Da ta samu numfashi ta ɗaga kai ta dubi rassan, ga tsuntsaye cike da su.

"Malam, na yahe maka," ta ce. "Duniya da lahira na yahe maka."

Kalmar ta fita ba wuya ko kaɗan, har ta ji kunyar sauƙinta. Sai wani abu ya biyo bayanta wanda ba ta shirya masa ba. Me ma ta yafe? Mutumin bai yi laifin ba. Ita ce ta zauna da shi shekara sittin da biyu tana zuba masa tuwo da hukunci a ranta, shi kuma yana fita kullum yana yi mata inuwa a hanyar da ta rantse ba za ta sake bi ba.

"Mutmainna, shi wa za ya tambaye shi ko ya yahe mini?"

"Haba Inna. Baba bai taɓa riƙe ki da komi ba."

"Ke kin sani? Ni ma da haka nike cewa na san shi."

Mutmainna ta ɗauko butar ruwa ta miƙa mata.

Suka sha ruwa, suka yi azahar a inuwar. Lawwali ya tayar da bijimai ya ce saura kaɗan, in sun tashi yanzu za su iske Gidan Lado kafin la'asar. Salmatu ta sa takalmanta, ta karɓi sandar korar bijimai daga hannunsa, ta ce su biyo ta a baya.

"Inna, rana ta yi zahi," in ji Mutmainna.

"Na gan ta."

Ta fita daga inuwar. Yashin ya ƙona ta ta gefen takalmi, ranar ta sauka a kanta da nauyinta duka. Ta hangi aduwar da ke gaba, ta ga kamar ba nisa, ta taka. A rabin hanya gwiwoyinta suka fara rawa. Ta ji ƙarar amalanke a bayanta da muryar Mutmainna tana roƙonta ta hau, ba ta waiwaya ba. Gumi ya shiga mata ido, numfashinta ya koma sama sama, ta fara ganin duhu a gefen ido. Ta ce a ranta taku goma, in ba ta kai ba za ta zauna a nan cikin rana. A na takwas inuwar ta taɓa mata goshi.

Ta dafa gindin aduwar ta sulale ta zauna, tana haki. Mutmainna ta iso da gudu da butar ruwa, ta tarar da ita tana kallon hanyar da ta baro.

"Daidai ya auna," in ji Salmatu. "Bari in huta, mu je na gaba."